Tauraron ɗan adam: me ke riƙe shi a sama har bai faɗo ba?

Auwalu_Rijiyar_Lemo:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya ce ta masu ilimin sararin samaniya. Jirgin sama in mansa ya ƙare faɗowa zai yi, wannan kowa ya sani. To tauraron ɗan adam da ake cewa yana shekara goma, sha biyar a sama, wane irin mai ake zuba masa? Ko kuwa da gaske ne can sama babu ƙarfin jan ƙasa kwata-kwata, shi ya sa 'yan sama jannati ke yawo a cikin kumbo kamar auduga? A yi mana bayani yadda na ƙasa zai gane.

Dan_Birnin_Kudu:
Wa alaikumus salam. Ai amsar tana cikin tambayarka. Da zarar an wuce iskar duniya jan ƙasa ya ƙare, abu duk inda aka ajiye shi nan zai tsaya.

Malamin_Fiziks:
Dan_Birnin_Kudu, a nan kam ba haka ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a bakin mutane. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kimanin kilomita 400 ne a sama, wato bai ma kai tafiyar Kano zuwa Abuja a mota ba. Daga tsakiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne. Ƙara 400 a kan wannan ba wani nisa ba ne. In aka yi lissafi, jan ƙasa a can ya kai kusan kashi 89 cikin 100 na wanda muke ji a nan. Da za a gina bene mai tsawon kilomita 400, mai nauyin kilo 70 ya hau sikeli a samansa, zai ga kamar kilo 62.

Abin da ke faruwa shi ne, tashar faɗowa take yi, ba dare ba rana. Sai dai tana gudu ta gefe da saurin da ya sa ba ta taɓa cim ma ƙasa. Ga lissafin: duk abin da aka saki, a sakan na farko yana faɗuwar kimanin mita 5. Ita kuma duniya, saboda ƙwallo ce, in ka miƙa layi ɗoɗar na kilomita 8, doron ƙasa ya lanƙwashe ya yi ƙasa da layin da kimanin mita 5. To abin da ke cin kilomita 8 a sakan ɗaya, kafin ya gama faɗuwar mita 5 ɗinsa, ƙasar ma ta zame masa da mita 5. Haka zai yi ta yi har ya zagayo inda ya faro. Wannan shi ne falaki. A tsayin tashar gudun da ake buƙata kilomita 7.66 ne a sakan, kusan kilomita 27,600 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 92 da 'yan kai, sau 15 zuwa 16 a kwana.

'Yan sama jannatin kuwa suna shawagi ne don su da ɗakin da suke ciki tare suke faɗuwa, babu wanda ke danne wani.

Auwalu_Rijiyar_Lemo:
Malam na gode, amma har yanzu da saura. Wa ke ci gaba da tura shi da wannan gudun? Mota in ka ɗage ƙafa daga totur tsayawa take yi.

Injiniya_Bichi:
Malam Auwalu, mota tana tsayawa ne saboda taya na gugar kwalta, iska kuma na dukan gabanta. Cire waɗannan biyun, babu abin da zai tsayar da ita. Roka ce ke ba tauraro gudun sau ɗaya, cikin minti takwas zuwa tara na farko, daga nan a kashe inji. Man da ke cikin tauraron na gyaran zama ne, ba na tafiya ba.

Kuma a lura, wahalar ba hawa ba ce, gudun ne. Ɗaga kilo ɗaya zuwa kilomita 400 yana cin kimanin kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na ƙarfin da ake buƙata a ba wannan kilon gudun falaki. Shi ya sa rokar New Shepard da ta riƙa kai masu kuɗi yawon buɗe ido, duk da tana haura kilomita 100, cikin minti 10 zuwa 11 ta dawo ƙasa. Ta hau, amma ba ta da gudun gefe. Rokar da za ta shiga falaki kuwa, jim kaɗan bayan tashi take fara karkata, kafin ƙarshe ta kusa kwanciya.

Hajiya_Lissafi:
Bari in ɗora a kan na Injiniya, don a ga dalilin da ya sa roka take da girma haka alhali kayan da ta ɗauko ɗan mitsitsi ne. Gudun falaki kilomita 7.8 ne a sakan a ƙasa-ƙasa, amma in aka haɗa da asarar da ake yi wajen ratsa iska da kokawa da jan ƙasa lokacin hawa, sai roka ta tanadi kusan kilomita 9.4 a sakan. Injin da ke ƙona kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa yana feso hayaƙi da gudun kilomita 3 a sakan ko ɗan sama da haka. In aka sa waɗannan biyun a lissafin Tsiolkovsky, wato lissafin da ke nuna yawan man da roka ke buƙata, nauyin roka a cike sai ya ninka nauyinta a wofi sau 20 da wani abu. Wato kashi 95 zuwa 96 cikin 100 mai ne zalla. Ɗan abin da ya rage a ciki za a fitar da tanki, da inji, da waya, da kayan da aka ɗauko. Ba ya isa. Dabarar ita ce a yi ta hawa-hawa: ɓangaren ƙasa in ya shanye mansa a yar da shi, kada a yi ta jan tankin wofi. Rokar Falcon 9 tana tashi da nauyin tan 549, ɓangarenta na farko yana rabuwa bayan kimanin minti biyu da rabi, kuma iyakar abin da take kaiwa falakin ƙasa-ƙasa tan 22 da ɗoriya ne, shi ma sai in an haƙura da dawo da ɓangaren farkon.

Dan_Birnin_Kudu:
Na karɓi gyara. Amma to in faɗuwa yake ba ya isowa, me ya sa muke jin labarin tarkace ya faɗo wa mutane?

Malamin_Fiziks:
Saboda iska ba ta da katanga inda za a ce nan ta ƙare. Siririya take ƙara yi har ta ɓace. A kilomita 400 akwai ɗan burbushinta, kuma abin da ke gudun kilomita 7 da rabi a sakan ko burbushi ya ishe shi birki. Tashar tana sauka a hankali, abin da ya kai kilomita ɗaya zuwa biyu a wata, gwargwadon yanayin rana. Shi ya sa lokaci-lokaci ake kunna injin kumbon dakon kaya na Rasha, Progress, da ke maƙale da ita a ɗaga ta. In aka daina, cikin shekara ɗaya zuwa biyu za ta shigo.

Sputnik 1, tauraron ɗan adam na farko, da aka harba ranar 4 ga Oktoba 1957 wata uku kawai ya yi ya ƙone a iska. Vanguard 1 na Amurka kuwa, na 1958, har yau yana sama duk da ya daɗe da mutuwa, don falakinsa ya fi tsayi. Ƙa'idar ke nan: ƙasa da kilomita 600 'yan shekaru ne, wajen 800 gomman shekaru, sama da 1,000 sai a yi maganar ƙarnuka.

Gwanin_Sola:
Malam ka ce "gwargwadon yanayin rana", wannan wurin yana buƙatar ƙarin bayani. In rana ta yi aman wuta, saman iskar duniya yana ɗumama ya kumbura, sai iskar da ke can ƙasa ta hauro inda taurari ke bi. Skylab, kumbon zaman 'yan sama jannati na Amurka, haka ta same shi: an yi zaton zai kai shekarun 1980, rana ta tsananta, ya shigo a watan Yulin 1979, ɓaraguzansa suka zuba a yammacin Ostireliya. Na kusa-kusa kuma, Fabrairun 2022, an harba taurarin intanet na Starlink guda 49, aka ajiye su a ƙasa sosai, wajen kilomita 210, kafin su hau da kansu. Guguwar rana ta zo daidai lokacin, kusan 40 daga ciki ba su iya hawa ba, suka dawo suka ƙone.

Manyan gangar roka su ne abin tsoro, don ba sa ƙonewa duka. A watan Mayun 2020 guntayen rokar Long March 5B ta ƙasar Sin sun faɗo a ƙauyukan Kwaddibuwa. Wanda aka yi da tsari shi ne irin na tashar Mir ta Rasha a Maris 2001, da aka kunna inji aka auna ta kudancin tekun Fasifik inda babu kowa.

Mai_Dish_Fagge:
Duk na ji, amma ga inda maganarku ta ci karo da aikin hannu. Kun ce tauraro gudu yake kamar walƙiya. Dish kuwa sau ɗaya ake saita shi a ɗaure noti, ya shekara biyar yana kallon wuri ɗaya. In tauraron na gudu, me dish ɗin yake kallo?

Injiniya_Bichi:
Tambayar mai sana'a ke nan. Gwargwadon nisan falaki, gwargwadon raguwar gudun da ake buƙata da kuma tsawon zagayen. A kilomita 400, minti 92. Taurarin GPS a kilomita 20,200, kusan awa 12, gudunsu 3.9 a sakan. In ka kai kilomita 35,786 daidai saman layin ikwaita, zagaye ɗaya ya zama awa 24, daidai da juyin duniya. Tauraron yana gudun kilomita 3.07 a sakan, amma kai ma duniya tana juyawa da kai, sai ka gan shi a tsaye cak. Duk taurarin talabijin a wannan zobe ɗaya suke jere, shi ya sa ake kiransu da digiri: Nilesat a 7 yamma, NigComSat-1R a 42.5 gabas.

Hajiya_Lissafi:
Ƙaramin gyara, Injiniya. Ba awa 24 cif ba ne, awa 23 da minti 56 da sakan 4 ne. Wannan shi ne ainihin lokacin da duniya ke juyi ɗaya in aka auna da taurari masu nisa. Ƙarin minti huɗun na zuwa ne don duniya ta matsa gaba a zagayenta na rana, sai ta ɗan ƙara juyi kafin rana ta dawo tsaka. Da za a saita tauraro a kan awa 24 cif, kullum zai zame yamma da kusan digiri ɗaya, kafin kwana uku dish ɗin Mai_Dish ya rasa shi. Wannan minti huɗun ne kuma ya sa Kaza da 'Ya'yanta ke riga fitowar jiya kowane dare, har taurarin damina su bambanta da na hunturu.

Injiniya_Bichi:
Gaskiyarki Hajiya, na taƙaita ne ya yi yawa.

Mai_Dish_Fagge:
To yanzu abin ya zauna. Kuma ya yi daidai da abin da ake gani a kan rufi: tunda muna arewa da ikwaita, duk taurarin ta ɓangaren kudu suke, daga kudu maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ga masu koyo, daga Kano, wadda ke digiri 12 arewa da kimanin 8.5 gabas: Nilesat yana kudu maso yamma, wajen digiri 233 a kamfas, tsayinsa daga ƙasa kusan digiri 67. Na 42.5 gabas kuwa wajen digiri 107 a kamfas, tsayi kusan 48.

Inda yara ke ruɗewa shi ne dish ɗin da aka saba da shi, mai siffar ƙwai wanda LNB ɗinsa, wato ɗan kan da ke karɓar sigina a gabansa, ke ƙasa-ƙasa, ba inda fuskarsa ta kalla yake kallo ba. Yana kallon sama da haka da digiri 22 zuwa 26, ya danganta da ƙirar. Sai ka ga mutum ya ɗaga fuskar dish digiri 48 da idonsa, alhali ya wuce tauraron da nisa. A bi ma'aunin da ke jikin ƙarfen baya, shi ma sai in sandar ta tsaya tsaye sak, a gwada da lebur ta ɓangare biyu. Dish mai santimita 90 idonsa bai fi faɗin digiri biyu ba, karkata kaɗan ta isa. Bayan an samu sigina a murza LNB hagu da dama a hankali har ingancin ya kai ƙololuwa, don ƙarfin sigina daban, inganci daban. Sannan a ɗaure noti bi da bi, ba a ƙulle ɗaya gaba ɗaya ba, in ba haka ba ɗaurin da kansa zai janye shi.

Ba_Damagare:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ban gane ba, in na can saman babu iskar da za ta rage masa gudu, me ya sa ake cewa tauraro ya tsufa, shekara 15 ya gama aiki? Me ke ƙarewa?

Injiniya_Bichi:
Man gyaran zama. Wata da rana suna jan tauraron suna karkata falakinsa daga ikwaita da kusan digiri 0.85 a shekara. Duniya kuma ba ƙwallo ce mai santsi ba, nauyinta bai rabu daidai ba, tana jan shi gabas ko yamma. Hasken rana ma yana tura faifan solarsa, kaɗan-kaɗan. Masu kula da shi suna tsare shi cikin wani ɗan akwati na digiri 0.05 kowane gefe, faɗin kilomita 70 da wani abu. Gyaran kudu da arewa shi ke cinye man, yana buƙatar canjin gudu na kimanin mita 45 zuwa 50 a sakan kowace shekara, na gabas da yamma bai fi mita biyu ba. In man ya kusa ƙarewa wasu kamfanoni sukan daina gyaran kudu da arewa don su ja kwana, sai tauraron ya riƙa lilo sama da ƙasa kullum, ƙaramin dish da aka ɗaure ya riƙa samu yana rasawa.

Daga ƙarshe ba a dawo da shi duniya, don wannan zai ci canjin gudu na kusan mita 1,500 a sakan. Ɗaga shi ake yi kilomita 300 sama da zoben, abin da bai wuce mita 11 a sakan ba, a zubar da sauran mai, a kashe batir. Maƙabartar taurari ake ce wa wurin.

Dan_Birnin_Kudu:
To namu na farko da aka ce ya ɓace a sama fa? Faɗowa ya yi?

Gwanin_Sola:
Bai faɗo ba, daga can ba a faɗowa. NigComSat-1 ne, an harba shi daga Xichang ta ƙasar Sin a Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan sola, wuta ta yanke masa. Tauraro ba wuta gawa ne: ba ya ji, ba ya magana. Madadinsa, 1R, an harba shi a Disamban 2011. Kada a haɗa su da NigeriaSat-1 na Satumban 2003, wannan na ɗaukar hoton ƙasa ne, a falakin ƙasa da kilomita 700, yana bi ta kusa da ƙuryar arewa da ta kudu.

Tunda an zo maganar wuta: na zoben sama suna cikin rana kusan duk shekara, sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, kimanin kwana 44 kowane karo, inuwar duniya ke rufe su kullum, mafi tsawo minti 72. Batir ne ke riƙe su a lokacin. Tauraron da batirinsa ya gaji a wannan zangon ake gane shi.

Mai_Dish_Fagge:
Kuma kusa da wannan lokacin ne hoto ke ɗaukewa na 'yan mintuna da rana tsaka ba hadari ba iska, mutane su ce dish ya goce. Bai goce ba. Rana ce ke bi ta bayan tauraron daidai saitin dish, hayaniyarta ta danne sigina. A wajenmu tsakiyar Maris ne da ƙarshen Satumba, 'yan kwanaki a jere, kusan lokaci ɗaya kullum. Kada a taɓa noti, da kansa yake dawowa.

Dattijon_Nasarawa:
'Ya'yana kun yi ta ambaton Amurka da Rasha da Sin, ku sani Kano ma tana cikin tarihin nan. Lokacin shirin Mercury na Amurka na kai mutum sama jannati, farkon shekarun 1960, an kafa tashoshin bibiyar kumbo a zagayen duniya, biyu a Afirka: Kano da Zanzibar. Dalilin shi ne abin da Malamin_Fiziks ya faɗa, kumbon da ke ƙasa-ƙasa 'yan mintuna kawai yake yi a saman kowace tasha ya wuce, dole a jera su kamar zangon fatake. Da John Glenn ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962, tashar Kano na cikin masu sauraronsa. Sannan a watan Agustan 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana ta waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar jirgin ruwan Kingsport da ke tsaye a tashar Legas.

Malamin_Fiziks:
Allah ya ƙara girma Baba. Syncom 2 ɗin ma misali ne na abin da Injiniya ya bayyana: zagayensa ya yi daidai da juyin duniya, amma falakinsa a karkace yake, don haka lilo yake yi a sama, ba tsayuwa ba. Syncom 3 na 1964 shi ne na farko da ya tsaya cak.

Ummu_Hanan:
Ni tambayata ta koma ta farko. In haka ne, wata ma faɗowa yake yi ke nan? Kuma na ji an ce yana nisa da mu saboda sararin samaniya na buɗewa.

Hajiya_Lissafi:
Ƙwarai kuwa 'yar'uwa, faɗowa yake, kuma wannan lissafin ne Newton ya yi. Wata yana kilomita 384,400, wato nisan tsakiyar duniya zuwa doronta sau 60. Jan ƙasa yana raguwa da nisa sau nisa, 60 sau 60, 3,600. Dutse a nan yana faɗuwar mita 5 a sakan na farko, wata kuwa milimita 1.4 kacal, yayin da yake tafiyar kilomita ɗaya ta gefe. Zagayensa kwana 27.3. Watan da muke ƙirga azumi da shi kwana 29.5 ne saboda dalili irin na minti huɗun can: duniya ta matsa, sai ya ƙara tafiya kafin ya sake daidaita da rana.

Nisan da yake yi gaskiya ne, santimita 3.8 a shekara, ana auna shi da hasken leza da ake harba wa madubin da 'yan Apollo 11 suka ajiye a 1969 da waɗanda suka biyo baya. Amma ba buɗewar sarari ba ce. Tumbatsar teku ce: wata yana jan ruwa ya yi tozo, juyin duniya ya ja tozon ya ɗan wuce gaban wata, tozon ya riƙa jan wata gaba. Duniya na rasa saurin juyi, wata na samun tsayi.

Dalibi_Samaru:
Hajiya, amma in aka ɗauki ma'aunin Hubble na saurin buɗewar sarari, kimanin kilomita 70 a sakan ga kowane nisan shekarar haske miliyan 3.26, aka buga shi da nisan wata, ana samun kusan santimita 2.7 a shekara. Bai yi kusa da 3.8 da yawa ba a ce sa'a ce kawai?

Malamin_Fiziks:
Lissafinka daidai ne, fassarar ce ba daidai ba. Buɗewar sarari tana aiki ne tsakanin gungun taurari masu nisan gaske waɗanda jan junansu bai ɗaure su ba. Abin da ya riga ya ɗauru, kamar duniya da wata, ko rana da duniyoyinta, ba ya buɗewa. Ko gungun taurarin Andromeda da ke nisan shekarar haske miliyan 2.5 matsowa take yi gare mu da kimanin kilomita 110 a sakan. Hujja ta biyu: raguwar juyin duniya ana auna ta daban, kuma abin da duniya ke rasawa ya yi daidai da abin da wata ke samu. Babu giɓin da za a cusa santimita 2.7 a ciki.

Dalibi_Samaru:
Hujja ta biyun ta fi gamsar da ni. Ta farkon zan sake bibiya.

Injiniya_Bichi:
Maganar Hajiya ta "a ja shi gaba ya hau sama" ta tuna min da abin da ya fi ruɗa masu koyo. A falaki, in ka taka wuta gaba, hawa za ka yi, kuma in ka hau gudunka raguwa yake, zagayenka ya ƙara tsawo. Wato mai son cim ma wanda ke gabansa birki zai taka, ya sauko falakin ƙasa mai sauri, ya matso, sannan ya hau. A Yunin 1965 matuƙin kumbon Gemini 4 na Amurka, McDivitt, ya yi ta auna gangar rokarsa kai tsaye kamar mai tuƙa jirgi, tana ƙara yi masa nisa, ya ƙona mai da yawa aka ce ya haƙura. Sai a Disamban shekarar Gemini 6 da 7 suka yi haɗuwar yadda ya kamata.

Ba_Damagare:
Me ya sa kuma kusan kowa gabas yake harbawa?

Gwanin_Sola:
Kyauta ce daga juyin duniya. A ikwaita ƙasa na tafiya gabas da mita 465 a sakan, a tashar harba roka ta Cape Canaveral da ke Florida 408, a ta Baikonur da ke Kazakistan wajen 320. Shi ya sa Turawa suka kai tasharsu Kourou a Gayana ta Faransa, digiri 5 arewa. Riba ta biyu ta fi ta farko ga mai zuwa zoben sama: gyaran karkata ya ragu, daga Kourou tauraro na buƙatar kamar mita 1,500 a sakan ya kammala zama, daga Florida kamar 1,800, bambancin shekaru ne na man gyara. Amma sai gabas ɗinka teku ne ko daji, don ɓangaren farko can zai faɗa. Isra'ila yamma take harbawa, saman Bahar Rum, ta haƙura da kyautar saboda maƙwabta.

Auwalu_Rijiyar_Lemo:
Kai, tambaya ɗaya ta haifi goma. Gani ya kori ji: ana iya ganin tashar da ido?

Malamin_Fiziks:
Sosai, ba sai da na'ura ba. Ba ta da fitilar da za ka gani, hasken rana take mayarwa, don haka sai lokacin da kai kana cikin duhu ita tana cikin rana: daga bayan magariba zuwa kamar awa biyu, ko kafin asuba zuwa wayewar gari. Haskenta kan yi kusa da na Zara, amma Zara tsaye take, ita kuwa tafiya take ba ƙyaftawa, ba ja ba kore, ba ƙara. Daga ɓangaren yamma take fitowa ta nufi gabas, ko kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, ko arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, ta ratsa cikin minti huɗu zuwa shida in ta bi ta tsakiya. Sau da yawa za ka ga ta dushe ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba, inuwar duniya ta shiga ke nan. Ba kullum ba ce, don kowane zagaye hanyarta na matsawa yamma da kusan digiri 23. Shafin Heavens-Above yana ba da lokaci in ka sa garinka. A zaɓi wucewar da tsayinta ya haura digiri 40, musamman da hunturu, don ƙura tana cinye duk abin da ke ƙasa-ƙasa.

Ummu_Hanan:
Jerin fitilu da ake gani a layi kamar ayarin raƙuma fa, har wasu ke cewa alamar tashin duniya ce?

Gwanin_Sola:
Starlink ne sababbin harbawa, kafin su rarrabu su hau falakin aikinsu. Kwana kaɗan layin ke yi ya watse.

Dan_Birnin_Kudu:
To ni yanzu ga abin da ya rage min. Malam ya ce ba inji, Injiniya ya ce in babu man gyara tauraro ya tashi aiki, na ƙasa kuma faɗowa zai yi. Ashe ke nan Auwalu bai yi kuskure ba da ya tambayi mai.

Hajiya_Lissafi:
Ya danganta da abin da kake nufi da riƙewa. Vanguard 1 ba shi da ko ɗigon mai, ya haura shekara 65 a sama. Tashar kuwa mai nauyin sama da tan 400, a bar ta shekara biyu ba ɗagawa a gani.

Mai_Dish_Fagge:
Hajiya, a taimaka a bugo mana na Damagaram da na Maraɗi zuwa Nilesat, kamfas da tsayi, akwai masu tambaya ta bayan fage.